Rumbun Zurmi da Na Goge

Shekara uku na yi ina aiki da wani ƙaramin kamfani da ya buɗe ofis a Kaura Namoda, ɗaki biyu da baranda. Wata ƙungiya ce daga waje ta ba mu aikin yi wa manoma rajista a ƙauyukan Kaura da Shinkafi da Zurmi. Ma'aikatanmu kan shiga ƙauye da waya, su bi manomi ya zagaya gonarsa a ƙafa, wayar tana zana iyaka. A kowace kusurwa a ɗauke shi hoto, sannan a naɗi muryarsa yana faɗin da wa da wa ya yi iyaka, da yadda gonar ta zo hannunsa, gado ce ko saye. Maƙwabta su yi magana, mai unguwa ya tabbatar. An ce da wannan za a riƙa raba taki da iri. Sau ɗaya aka raba.

Ni ban cika shiga ƙauye ba. Aikina kula da wurin da bayanan suke taruwa. Manhajarmu tana gudana ne a kan wasu kwamfutocin haya da ke wata ƙasa, an haɗa su gungu guda, muna ce masa kilasta. An yanyanka manhajar ƙanana-ƙanana, kowane yanki a cikin abin da ake kira kwantena. Kwantena ba ta da daraja: in ta mutu, tsarin zai tayar da wata nan take. Abin da ba a so ya mutu, wato hotuna da muryoyi da taswirori, ana ajiye shi dabam a rumbunan ajiya. Kowane rumbu ana gaya masa tun farko abin da zai yi in an goge manhajar da ke amfani da shi: ko dai ya bi ta ya tafi, ko ya tsaya har mutum ya zo da kansa ya share shi. Ni na zaɓa musu tsayawa, tun watan farko, don ina tsoron kuskuren hannu.

Da wa'adin aikin ya cika, ƙungiyar ta tattara ta tafi. Oganmu, wanda ke zaune a Abuja kuma sau biyu kacal ya taɓa taka Kaura, ya turo saƙo a rufe komai, haɗe da jerin abubuwan da za a share. Na goge manhajar da safiyar wata Talata, cikin minti kaɗan kwantenonin suka ɓace. Rumbunan suka rage, su bakwai, kowanne da rubutu a gefensa cewa an sake shi, ba mai riƙe da shi. Na bar su haka kusan mako uku.

Abokiyar aikina 'yar Filato ce, Kirista, ta girma a Kaura kuma Hausarta ta fi tawa daɗi. Ita ta jagoranci masu shiga ƙauye. Ta hau babur ta bi hanyoyin Sakajiki da Banga da damina, ta kwana a gidajen mutane a ƙasar Zurmi tun kafin hanyar ta gagara. Ranar da ta ga ina duba jerin rumbunan, sai ta jawo kujera.

"Malam, waɗannan fa?"

Na ce Oga ya ce a share.

"Ka san rabin ƙauyukan da ke cikin na Zurmi yanzu ba kowa a cikinsu? In suka koma, da me za su gane gonakinsu?"

Na kira Oga a gabanta, na sa wayar a bayyane. Na ce Yallaɓai, ko za a miƙa taswirorin ga masu gari, ko a buga wa kowane manomi tasa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce yarjejeniya ta ce a goge komai in an kammala, kuma sai ya aika wa ƙungiyar shaidar an goge kafin ƙarshen wata. Ya ƙara da cewa a cikin rumbunan nan akwai lambar wayar mutum, da yawan shanunsa, da buhun geron da yake samu. In abin ya faɗa hannun masu kai wa 'yan bindiga rahoto, wa zai ɗauki alhaki? Wannan maganar tasa gaskiya ce, kuma na ji daɗin da ya faɗe ta, don ta ba ni wurin fakewa.

Da ya kashe wayar, ta ce, "To ka cire lambobi da shanu, ka bar iyakoki da muryoyi. Aikin kwana nawa ne?"

Aikin kwana biyu ne, ko uku saboda rashin kyawun sabis. Na sani sarai. Amma an riga an kira ni gwajin aiki a wani kamfani a Kano, kuma ina buƙatar takardar yabo daga hannun Oga. Na ce mata ba ni da izini. Ta dube ni, ta mayar da kujerar inda ta ɗauko ta.

Ranar Alhamis bayan azahar na zauna yi. Share rumbu hawa-hawa ne. Sai ka cire sunansa daga kilasta, sannan ka bi ainihin faifan da ke can wurin masu haya ka goge, don cire sunan kaɗai ba ya taɓa abin da ke ciki. Na Kaura biyu suka tafi ba gardama, na Shinkafi ma haka. Na Zurmi babba ya maƙale. Ya rubuta yana kan gogewa, ya tsaya nan. Na yi la'asar na dawo, yana nan yadda na bar shi. Na bincika na ga akwai wani makullin kariya da tsarin ke sa wa rumbu in yana zaton akwai mai amfani da shi. Ashe wata tsohuwar kwantena ce da ba ta mutu da kyau ba take riƙe da shi. Na buɗe bayanan rumbun, na cire layin makullin da hannuna, na adana. Ya ɓace kafin in ɗage yatsa.

Ban tsaya nan ba. Na tuna ina ɗaukar kwafin kowane rumbu duk Juma'a saboda tsaro. Oga bai san da su ba, ba su cikin jerin da ya turo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge, na ɗauki hoton allon da babu komai a kai, na tura masa. Ya amso da cewa aikina yana da tsafta.

Bayan wata biyu kawuna ya zo gidanmu. Yayan mahaifiyata ne, manomi daga wani ƙauye a ƙasar Zurmi. Damina biyu ya yi yana gudun hijira a Shinkafi, a ɗakin da wani dillalin awaki ya ba shi aro. Da aka ce hanya ta ɗan lafa, shi da wasu suka koma share gona. Ya tarar gambar da ta raba gonarsa da ta maƙwabci ta ƙone, an sare gawon da ke kusurwar gabas, kuma ɗan maƙwabcin ya shigo da huɗa har fadamar da ke ƙasa, inda ya fi samun dawa. Maƙwabcin an kashe shi a hanyar kasuwa. Mai unguwar da ya shaida ya rasu a gudun hijira. Ɗayan maƙwabcin ya tsallaka Nijar, ba a san garin da yake ba.

Kawu ya zauna a tabarma a zaure, ya sha ruwa, ya yi ta gaisuwa kamar bai zo da komai ba. Can ya ce, "Ɗana, wanga aiki da kunka yi, da yarinyar nan ta biyo ni munka zagaye gona. Har marigayi maƙwabcina ya yi magana cikin wayar, ya ce hwadama tawa ce tun kakanni. Shi nike so ka hiddo mani in kai ma hakimi."

Na ce, "Kawu, an goge."

"Wa ya goge?"

Na so in ce kamfani. Mahaifiyata tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon fura. Na ce ni ne.

Ya murza hularsa a gwiwa. Sai ya tambaya a hankali ko abin kamar takarda ne da ake iya tono ta a shara. Na ce a'a. Ya ce ko wani bai riƙe kwafi ba. Na ce akwai kwafi, su ma na goge. Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya karɓi furar.

Washegari na rubuta wa masu hayar kwamfutocin, ko da na san amsar. Suka ce faifan da aka goge ba ya dawowa. Na rubuta wa ƙungiyar, saƙon ya dawo, an rufe akwatin saƙon ma'aikacin da muke hulɗa da shi. A shafinsu na intanet na sami rahoton kammala aikin, mai shafuka masu launi. A ciki har da hoton wani dattijo tsaye a gonarsa yana murmushi, an yanke gefe da gefe don fuskar ta fito, ba sunan gari, ba komai. Wannan suka ga ya dace a ajiye.

Abokiyar aikina ta yarda ta je gaban hakimi ta faɗi abin da ta ji da kunnenta. Ta biya wa kanta mota har Zurmi. Aka saurare ta da mutunci, sannan ɗan maƙwabcin ya ce gonaki nawa ta zagaya a shekara uku da za ta tuna wannan. Ta ce ba ta ƙirga ba. Aka raba fadamar biyu don a zauna lafiya, aka ba yaron ɓangaren da ruwa ke kwanciya.

Aikin Kano na samu, takardar Oga ta yi amfani. Kawu ya noma abin da ya rage masa damina ɗaya, sannan aka sake tashin ƙauyen. Yanzu yana Banga wurin 'yarsa, yana taya surukinsa noma. Duk sallah ina zuwa gaishe shi. Yana tambayata Kano da tsadar hatsi, yana sa mini albarka, bai taɓa tayar da zancen ba. Abokiyar aikina kuwa, na kira ta sau biyu bayan na koma Kano. Ta ɗauka, mun gaisa, ta ce tana cikin hidima za ta neme ni.