Takardar da Ta Fasa Rumbun Tsimi

A gidanmu na Kunduru akwai rumbun da ba a taɓawa, rumbun tsimi. Geron da ya saura a bara akan zuba a ciki a liƙe bakin rumbun da laka, ba a fasawa sai yunwa ta shigo gari. Haka mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wa yayana. Ni kuwa ina zaure ina karatun littattafai.

Shekarar da gyaɗa ta yi daraja, wani malamin gona da Turawa suka koyar ya zo daga Kankiya a kan keke. Ya ce akwai wani masani a ƙasarsu, ya daɗe da mutuwa, amma maganarsa ake bi har yau: kowa ya noma abin da ya fi karɓuwa ya sayar, sauran ya saya, kasuwa da kanta za ta kai hatsi inda ake nemansa. Ajiye gero a rumbu, in ji shi, kashe dukiya ne.

Manoma ba su karanta boko, sai aka ce in rubuta maganar masanin da ajami. Na rubuta, har da jan tawada. Abin da nake nadama ke nan, domin mutanenmu in sun ga ajami, hannu biyu suke sa wa kamar daga malamai ya fito. Aka yi ta kwafa, ta kai Fakuwa, ana karantawa bayan la'asar.

Ranar da yayana ya fasa rumbun, mahaifiyarmu ta fito.

"Kai, mi kake yi?"

"Inna, a rubuce yake. Ga malamin naki nan, shi ya rubuta."

"Shi masanin, ya taɓa kwana da yunwa?"

Aka sayar da geron, aka shuka gyaɗa har bayan gida.

Ruwa ya ɗauke tun gyaɗar tana fure. Hatsi ya bi masu kuɗi. A kasuwar Kusada na ga dammunanmu a rumfar wani dillali, na gane su da ɗaurin mahaifinmu, ko ɗaya ba mu iya saye ba. Muka koma dusa da tafasa. Autar yayana ba ta kai kaka ba.

Malamin gona ya zo ta'aziyya da sabuwar riga, an ƙara masa girma. Ya ce damina ce ta yi kuskure, maganar masanin tana nan daram. Ya miƙo mini goro. Na karɓa don kunyar baƙi, yana hawa kekensa na jefa shi a kwata.