Inda Muka Binne Yayana

Shekaru sun ja tun da wannan abu ya faru, lokacin gemuna bai gama fitowa ba. Bayan mun zuba amfanin gona a rumbu, ni da yayana muka bar ƙauyenmu da ke tsakanin Malumfashi da Kafur, muka bi ayarin fatake ɗauke da kanwa da baƙaƙen zannuwan Maska, za mu Ikko sayen goro. Da muka isa ƙasar Nufe aka ce hanyar tudu ta toshe, ana yaƙi a gaba. Mu biyu da wani dattijo Bazazzagi da muke kira Baba, wanda ya taɓa bin hanyar kuma yana jin yaren mutanen ruwa, muka shiga kwale-kwale.

Ni ruwan da na sani shi ne rafin garinmu, wanda da rani sai an tona yashi kafin a samu na sha. Ranar farko a kan Kwara na rungume ƙunshin kanwa na ƙi ɗaga kai. Yaya yana ta dariya. "Saki kanwar nan, malam. In jirgin ya kife ita za ta riga ka narkewa."

Bayan mun wuce mahaɗar Kwara da Binuwai zazzaɓi ya kama shi. Muka sauya jirgi a wata kasuwa, muka ci gaba da gangarawa, jikin yana ta tsananta. Daga nan kogin ya rarrabu ya zama ƙananan hanyoyi a cikin wasu itatuwa da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwa. Ruwan ya soma gishiri-gishiri. Ko'ina ka duba ba inda mutum zai sa ƙafa. Yaya ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce da ni a hankali, "In ta Allah ta kasance, kada ka bari a sa ni a ruwa." Na ce ya daina irin wannan magana. Washegari da hantsi ya cika, kansa a cinyata.

Masu tuƙi suka ajiye filafilansu, suka shiga magana sama-sama. Baba ya saurara, ya juyo gare ni. "Ɗana, ka daure. Akwai gari a gaba, mutanensa suna tare jirage su duba kaya. In suka ga gawa za su ce annoba muka kawo, su hana mu wucewa, wataƙila ma fiye da haka. Mai jirgi ya ce in ba a samu ƙasa kafin can ba, sai ruwa."

Idona kawai na zuba a kan gaɓa. Can kusa da azahar na hango wani fili baƙi, shimfiɗe, tsuntsaye suna tafiya a kansa. Na miƙe har jirgin ya karkata. "Ga ƙasa, Baba! Ga ƙasa can!"

Mai jirgi ya girgiza kai ya yi magana. Baba ya ce, "Wai wurin na ruwa ne, fita ya yi zai dawo."

Na dubi sama, ko ɗigon girgije babu. A garinmu rafi ba ya kawo ruwa sai an yi hadari. Na ɗauka sauri yake yi, yana so ya rabu da mu. Na ce wa Baba ko a tsaya ko in sauka da gawar a kafaɗata. Mai jirgi ya dube ni, ya karkata jirgin.

Muka yi masa wanka, na yanki farin ƙyalle muka yi likkafani. Da filafili da ƙwarya muka haƙa. Baba ya shige gaba muka yi salla mu biyu. Mun sa shi ke nan, na sunkuya ina gyara masa fuska ta dubi gabas, sai na ji danshi a gwiwata. Ruwa ne ke tsattsafowa daga ƙasan ramin. Na ɗaga kai, na ga rabin filin ya ɓace. Jirgin da muka bari a kan laka yana lilo. Ba iska, ba ruwan sama, ga ruwa yana tahowa kamar an aiko shi.

"Ciro shi!" in ji Baba. "Ciro shi, ɗana!"

Muka ciro shi, gefen likkafanin ya jiƙe. Na tsaya da shi a hannu, ruwa a ƙwaurina, ina duban mai jirgi. Na san na ɓata masa lokaci, na kuma ƙaryata shi a gaban yaransa. Ɗaya daga cikinsu ya nuna tsakiyar ruwa da haɓa. Mai jirgi ya daka masa tsawa. Ya ture kayan kanwa gefe, ya shimfiɗa tabarma, ya yi min alama in kwantar da shi.

Da muka zo garin, wani ƙaramin jirgi ya tare mu, mutum uku a ciki, kowa da mashinsa. Mun lulluɓe Yaya da zanen Maska har ka, ni kuma ina zaune ina yi masa fifita. Ɗayansu ya tsallako, ya daddanna kanwa, ya zo ya tsaya a kanmu. Ina ganin yatsun ƙafarsa dab da kafaɗar Yaya. Ya yi tambaya. Mai jirgi ya amsa masa da wata magana, har mutumin ya yi dariya ya koma. Hannuna bai daina fifitar ba sai da Baba ya riƙe shi. Daga baya ya gaya min abin da aka ce: wai Bahaushe ne, tun da ya ga ruwa ya rufe kansa, ya rantse ba zai buɗe ba sai Ikko.

Da la'asar sakaliya muka isa wani tudun yashi mai itatuwan kwakwa. A bayansa teku na ta ruri. Mai jirgi ya sauka, ya nuna min layin ciyayi da ɓawon katantanwa da ruwa ya bari, ya wuce shi da nisa, ya hau can sama ya kafa filafilinsa. A nan muka haƙa, shi ma da hannunsa. Yashin a bushe yake har ƙasa.

Ban san sunan wurin ba. Ko yau aka kai ni ba zan gane shi ba, kuma wannan yana damuna duk lokacin da na raka gawa maƙabartar garinmu na ga kowa ya san inda nasa yake. Mai jirgin ma ban iya yi masa godiya da yaren da zai ji ba, hannunsa kawai na riƙe.

Da na dawo gida bayan damina, mahaifiyarmu ba ta tambayi ciwon ba, ba ta tambayi ranar ba. Ta bari sai da mutane suka watse, sannan ta ce, "A ƙasa kuka sa shi?"

Na ce, "A ƙasa, Inna. Busasshiya."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sai a lokacin ta yi kuka.