Gudiya da Hausar Kaset

A shekarun farko na jihar Kebbi, lokacin da kaset ɗin fim na Hausa ya fara sauka a tashar Jega cikin kwalaye daga motocin Kano, babu wanda ya naɗa Gudiya alƙaliyar fina-finai. Ita ta naɗa kanta, kuma har ta tsufa ba a samu mai ƙarfin halin tuɓe ta ba.

Dillaliya ce tun asali. Atamfa, zanen gado, kwanukan jere, turaren wuta, duk tana ƙunshe su ta ɗora a ka, ta bi gidajen matan aure ɗaya bayan ɗaya. Ranar kasuwa tana Jega, sauran ranaku kuma sai ka gan ta a bayan motar albasa za ta Aliero, ko a kan babur an nufi Maiyama da ita tana yi wa mai babur faɗan gudu. Wata rana wani mai shago a bakin tasha ya roƙe ta ta cusa kaset uku cikin kayanta, ko matan gida za su karɓi haya. Ta karɓa, amma ta ce ba ta kai wa mutane abin da ba ta ɗanɗana ba. Sai ta wuce gidan ƙanenta Jibrin, wanda sana'arsa ɗaukar bikin aure da suna da kyamara, ta sa ya kunna mata bidiyo ta kalle su tas.

Daga ranar kowane kaset sai ya bi ta gabanta kafin ya shiga gidan kowa. Hukuncinta kuwa iri biyu ne kawai. Ko ta ce, "Wanga ya ji gishiri," ko ta taɓe baki ta ce, "Lami na." In ta ce lami, to mai shago ya tattara kaset ɗinsa ya mayar inda ya samo shi, don ko a ƙauyen Kuberi ba mai kunna masa janareta.

Idonta kuwa sai addu'a. Ita ce ta hango mutumin da aka yi wa jana'iza a farkon wani fim yana wucewa a keke can baya wajen ƙarshe. Ita ce ta lura matar da ake cewa kwana biyu ba ta ci abinci ba tana da ɗan kunnen gwal. Ga labarai: wane ya ɓata da wane a Kano, fim kaza na biyu ya kusa fitowa, wance ta yi aure ta bar wasa. Wajen direbobi take tsinto su, kuma gaskiya rabinsu ne gaskiya, amma matan Maiyama ba su taɓa kai ƙara ba.

Abu ɗaya ke ci mata rai, yana ci mata sosai. Duk wanda ya buɗe baki a kaset, da Hausar Kano yake buɗe shi. In kuwa ka ji mai magana irin ta mutanen Jega, to mai gadi ne ko wawan da aka kawo don a yi dariya. Takan ce, "Mu ba mu soyayya? Ba mu hushi? Sai dai a sa mu riƙon ƙyaure?"

Saboda haka ranar da Jibrin ya gaya mata shi da 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo na garin za su yi nasu fim, a nan Jega, da kyamararsa ta biki, Gudiya ta rangaɗa guɗa har kajin gidan suka watse. Labarin wasu 'yan'uwa biyu ne manoman albasa da suka ɓata a kan rijiyar fadama, uwarsu ta shiga tsakani. Murna ta ɗebe ta, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta yabi fim tun ba ta ga ko minti ɗaya ba. Gida gida ta bi tana shela. A Aliero ta faɗa, a Maiyama ta ƙara gishiri, a Kuberi har ta dafa ƙirji.

"Wanga namu na. Bakinmu za ku ji ciki. Ni Gudiya nic ce."

Dillaliya kuwa ba ta da jarin da ya wuce a yarda da bakinta, kuma yanzu ta ɗauki wannan jari kacokan ta ɗora a kan aikin da ba ta gani ba.

Bayan mako shida Jibrin ya kira ta da hantsi ta ga abin da aka ɗauka. Ta zauna a zaurensa ta gyara ɗaurin kallabi. Hoto ya fito, kai, abin sha'awa! Ga fadamar Aliero kore shar, ga kasuwar shanu ta Jega, har ta gane mai furar da ke gindin durumi. Gudiya tana ta buga cinya. Sai Imrana tela, wanda ya fito a matsayin babban wa, ya juyo ya dubi ƙanensa ya ce:

"Me kake nufi da wannan magana? Ka faɗa mini gaskiya."

Hannun Gudiya ya tsaya a sama. Imranan da aka haifa a bayan gidansu, wanda tun da ya iya magana "mi kaka nuhi" yake cewa? Ta jira ƙanen ya amsa, shi ma haka. Matar wa, haka. Har mai unguwar da aka aro daga Katanga, dattijon da bai taɓa ƙetare Gusau ba, yana ta lanƙwasa harshe kamar wanda aka yaye a Kano. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin.

"Kashe shi," ta ce. "Jibrin, lami na."

Jibrin ya miƙe tsaye, idonsa ja. Kusan wata biyu bai karɓi aikin biki ba saboda wannan fim. "Yaya, ni kika ce ma haka? Kina tsammani ni nis sa su? Na hwaɗa musu har na gaji! Da jar hitilag ga ta kama, sai harshensu shi juye."

"Don ba su da kishin kansu na."

"To ke zo ki gwada. Wadda za ta yi uwa mijinta ya hana. Gobe a Katanga."

Ta amsa tun bai rufe baki ba, don dama a ganinta abin ba wuya.

Washegari a tsakar wani gida a Katanga aka ba ta maganarta. Ta gwada sau ɗaya ba kyamara, ta riƙe ƙugu ta dubi Imrana da ɗan'uwansa: "Ku dube su! Mi ar ribak ku ga hwaɗa bisa rijiya guda? Ubanku da hannunai yag gina ta!" Kowa ya ce madalla. Jibrin ya ɗora kyamara a kan ƙafafunta uku, ya ɗaga hannu, jar fitila ta kama. Gudiya ta dubi baƙin gilashin nan, gilashin ya dube ta, ta buɗe baki:

"Yarana, mene ne amfanin faɗa a kan rijiya ɗaya?"

Ita kanta sai da ta waiga ta ga wace ce ta yi magana. Imrana ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki. Mai unguwa ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Aka sake, ta sake yi. Sau bakwai ana kunna fitilar nan, sau bakwai wata Bakanuwa tana fitowa daga bakin Gudiya. Kunya ta rufe ta irin wadda ba ta ji ba tun tana amarya, ta ja mayafi ta fita ko sallama babu.

Ba ta tafi gida ba, sai ta bi ta wajen uwarsu ita da Jibrin. Inna tsohuwa ce mai nauyin kunne da gajen haƙuri, kuma da yake Gudiya ce 'yar farinta, ba ta taɓa kiran sunanta ba. Gudiya ta zauna tana zuba mata labarin, tana huci, tana kwaikwayon yadda ta yi a gaban kyamara. Da ta kai wajen "mene ne amfanin", Inna ta karkato kunne.

"Ke wagga, mi kic ce? Hwaɗi da Hausa in ji."

Gudiya ta dubi uwarta. A take abin ya faɗo mata. Ita da kanta, in ta shiga gidan matar wani ɗan kasuwa da aka auro daga Kano, takan ɗan lanƙwasa harshe don baƙuwa ta fahimta, haka kowane mutumin Jega yake yi wa baƙo. To kyamarar nan baƙuwa suka ɗauke ta, kuma duk kaset ɗin da suka taɓa gani ya koya musu cewa daga Kano take. Ashe karamci ne ya ɓata musu fim. Amma wa zai iya duban tsabar idon Inna ya yi mata Kananci?

Da gudu ta koma wajen Jibrin, zane na harɗe ta.

Ranar da aka dawo aiki, aka shimfiɗa wa Inna tabarma daidai ƙarƙashin kyamara, tsakanin ƙafafun nan uku, aka ajiye mata goro da buta. Gudiya ta kafa doka: "Kowa shi manta da gilashi. Da Inna kuka magana." Fitila ta kama. Imrana ya fara da kyau, can tsakiya harshe ya kufce masa ya ce "yana zuwa". Inna ta ɗaga kai.

"Shi wanga ɗan wa na? Ba ɗan Murjanatu mai ƙuli ba na? Yaushe kad dawo daga Kano ba mu zo sannu da zuwa ba?"

Wuri ya kaure da dariya, Imrana ya sunkuyar da kai yana "Allah shi ba ki haƙuri, Inna." Daga nan bai sake kuskure ba. Gudiya kuwa da aka zo kanta, ta dubi uwarta ta sauke wa 'ya'yan ƙaryar nan faɗa irin na gidansu, har ɗan da ake yi wa ya fara ba da haƙuri da gaske, abin da babu shi a labari. Jibrin ya bar shi haka.

Komai sai da aka sake ɗauka daga farko, aikin ya ci musu har ƙarshen cirar albasa. Wahalar Jibrin ta koma kan Inna, don ta shiga labarin tsundum. Kullum sai ta katse wasa ta sanar da jama'a cewa ƙaramin ne ke da gaskiya, a ba shi rijiyarsa kowa ya huta. An yanke muryarta wajen tacewa, amma tarinta ya tsira a wuri biyu, masu kunne suna iya ji. Mai tacewar a Kano kuwa ya gaya wa Jibrin ƙiri-ƙiri cewa wannan Hausar ba za ta sayu ba.

Da kaset ya iso Jega da hoton Gudiya a bayan kwali tana nuna yatsa, sai tsoro ya kama ta. Ba ta da bakin cewa ya ji gishiri tunda tana ciki, kuma maganar mai tacewa ta tsaya mata a rai. In matan da ta dafa wa ƙirji suka yi dariya irin wadda ake yi wa mai gadi a cikin kaset fa? Shekaru bayan haka, da ƙafa ta hana ta yawon dillanci, in aka tambaye ta ranar da ta fi jin tsoro a rayuwarta, ranar da ta kai kaset ɗin nan Kuberi take faɗa.

Babban gida ne, matan cikinsa sun fi goma, ga na maƙwabta sun cika ɗaki da la'asar sakaliya. Aka ja janareta. Gudiya ta tura kaset ta fito, ta ce zafi ya yi yawa a ciki, ta zauna a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi. A tsakar gida akwai uwar maigidan, tsohuwa Hamsatu, ta juya wa ɗakin baya tana tsince wake a faifai. Shekara uku ana kallo a gidan nan ba ta taɓa leƙawa ba, ta ce hayaniyar baƙi ce.

Kiɗan farko ya wuce. Sai muryar Imrana ta fito daga ɗaki, yana shiga gidan ƙanensa:

"Salamu alaikum, masu gidanga! Kun wuni lahiya? Ina gajiya?"

Hamsatu ta ajiye faifai, ta jawo mayafi ta rufe kai.

"Wa alaikumus salam! Lahiya lau, gajiya ta bi lahiya. Wa na? Ke Naja'atu, shimhiɗa mai tabarma ga zaure, ki kai mai ruwa."

Ɗakin ya fashe. Mata suka fito suna faɗuwa a kan juna, wata na share hawaye, Naja'atu matar ɗan tsohuwar na cewa, "Inna, kaset na! Cikin talbijin shike!"

"Kaset?" Hamsatu ta dubi Gudiya. "A'a. Wanga ɗan Jega na, na ji bakinai."

Gudiya ta gyaɗa kai. Daɗi ya cika mata ƙirji, hawaye na bin kumatunta.

Tsohuwar ta dafa ƙasa ta tashi a hankali, ta karkaɗe ƙaiƙayin wake daga zanenta, ta nufi ƙofar ɗakin. Mata suka dare mata hanya. Ta zauna a gaba, kusa da talbijin, ta gyara mayafi.

"Ku maishe shi baya," ta ce. "Mutum ya gaishe mu, ba mu ƙare amsa mai ba."