Tsuntsuwar Garkarmu

Ku saurara, jikokina, ni ban yi karatu ba, amma ban iya ƙarya ba. Wallahi wannan a kaina ya faru, ina da goyon fari, tun ba a san Nasara ba a ƙasar Tasawa.

Muna da garkar albasa a bakin gulbi, gabas da Mayahi, da rijiya gaba uku cikin rairayi, an tokare cikinta da itace. Akwai wata 'yar tsuntsuwa, baƙa da fari, ba ta kai tafin hannu ba, ba ta tsalle sai gudu, ta tsaya ta kaɗa wutsiya, ta cafke ƙuda, ta yi 'yar waƙarta siririya. Uwar mijina ta koya mini, gugan farko a zuba mata a kasko kafin albasa ta sha. Ban taɓa fashi ba.

Ran da maigidana zai sauka yashe rijiyar, da hantsi, na zuba mata, ta ƙi sha. Sai ta dira kan igiya tana kuka, a kore ta ta dawo, a kore ta ta dawo. Na ce, "Maigida, bari sai gobe." Sai wansa Barmo ya ce, "Ke yarinya, yaushe aka kawo ki gidan nan har kike duba? Abin da bai isa miya ba shi zai hana mu aiki?" Ya ɗauki hoge ya jefe ta, ina kallo. Ta faɗi, jini ya ɓata farin ƙirjinta. Na ƙulle ta a bakin zanena don in binne, raina kamar wuta.

Maigidana ya sauka. Guga biyu aka fiddo, rijiya ta rufta.

Maza suka taru suna tonon tsakiya, Barmo yana ba da umarni. Ni kuwa na waiga, sai ga tsuntsuwa taki uku kudu da rijiyar, tana kaɗa wutsiya wuri guda, da jini a ƙirji daidai inda hogen ya samu. Na ce, "Yaya, nan za a tona." Ya ce, "Bakinki ya rufe shi, ki yi mana shiru." Na kwance goyo na miƙa wa wata, na hau tono da ƙwarya, har maƙwabta biyu suka ji kunya suka kama mini. Nan muka same shi, ya maƙale a kogon da ruwa ya ci ƙarƙashin itace, da sauran numfashi. Da ya farfaɗo ya ce waƙar tsuntsuwar yake ji a kunnensa, shi ya hana shi sakin rai.

Na kwance bakin zanena. Tana ciki, ta sandare. Na duba kudu, ba kowa.

Ran kasuwar Urafane, Barmo ya bi rumfa-rumfa yana cewa shi ya san inda za a tona. Har ya koma ga Allah bai ce mini sannu ba, tsuntsuwar ma bai ce ya zalunce ta ba. Na yafe nawa, nata ba ni da iko.

To, in kun ga ƙaramin abu ya tare muku hanya, ku sauke hannu tukuna. Ni har gobe ina zuba ruwa a kaskon nan, kuma ko ran da babu rana, ruwan ba ya kai azahar.