Tsiron Tumatir da Na Kasa Zubarwa

Ku yi haƙuri 'yan uwa, ba na son damun ku, larura ce ta sa.

Jiya da la'asar ina tsugune gaban tukwanen da na sayo a Ushafa, maƙwabciyata Maman Ladi ta leƙo. Irin tumatir na watsa a ciki, duk ya fito ya cunkushe, ganyen har ya fara zama rawaya.

Ta ce, "Hajiya, ragewa za ki yi. Kowace tukunya ki bar biyu."

Na ce, "Sauran fa? Abin da Allah ya raya, ni in tumɓuke in zubar?"

Ta yi dariya. "Tausayin nan naki ne zai kashe su duka. Wa ya ce ki zubar? Ki jiƙa tukunyar, ki ɗago kowanne da ƙasarsa, ki ba mutane."

Haka na yi da rana ta yi sanyi. Ashe ragewa ba ɓarna ba ce in akwai mai karɓa.

Waɗanda na cire suna nan a inuwa cikin jiƙaƙƙen buhu. Duk wadda ke kusa da Kurudu, ko tsohon bokiti gare ta mai huji a gindi, don Allah ta amsa mini yau, kafin su yi yaushi.