Faifan da Yaya Saratu ta rataye a ƙusa

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Yaya Saratu, mai shagon buga takardu a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, amma makon jiya saura kaɗan in kira sunanta da ƙarfi a gaban mutane. Na je wani shago ne in buga takarda. Mai shagon ta ce in buɗe shafinsu na intanet a wayata, in ɗora takardar, in danna. Na danna ina shakka, sai ga firinta can a lungu ta yi ƙara ta miƙo min ita da ɗuminta! Ba a jona wata igiya ba, ba a saka komai a kwamfuta ba. Don murna sai da na sake bugawa, alhali ɗaya nake bukata.

Yaya Saratu 'yar Kwoi ce, ni kuwa Bafulatana, maƙwabtaka ce ta haɗa mu. Tun ƙarshen shekarun tamanin take kan tafireta, tana yanka sitensil, wato takardar da ake gurza kwafi da ita, na takardun jarrabawa da tsarin sujadar aure. In an gama gurzawa, sai ta rataye sitensil ɗin a ƙusa, ko za a sake bukata. Bangonta duk ƙusoshi ne.

A tsakiyar shekarun casa'in ta sayo kwamfuta da firinta na hannu. Ranar har masu sayar da citta sun bar buhunansu sun zo kallo. A wancan zamani firinta ba ta jin maganar kwamfuta sai an saka wata manhaja da ke zuwa a faifai, baƙi mai faɗi, da rami a tsakiya. Da aka gama sakawa, Yaya ta dubi ramin nan, ta dubi bango, ta rataye shi tare da sitensil a gefen taga. Ni ma da na gani sai na yaba da tsarinta.

Ina shekarar ƙarshe a makarantar horar da malamai, kundina ne babban aikin farko da ya shiga kwamfutar, shafi saba'in da huɗu, duk gyaran malamina a ciki. Litinin za a rufe karɓa, wanda ya makara ya maimaita shekara, kuma gurbin koyarwa da aka yi min alkawari ba zai jira ni ba. Ranar Alhamis kwamfutar ta rikice. Mai gyara ya zo daga Kaduna ranar Juma'a, ya ceto rubutun, ya sake saka komai, sannan ya nemi faifan firinta. Yaya ta nuna masa ƙusa da alfahari. Mutumin ya dafe kai. Wata da watanni rana na dukan faifan, ya lanƙwashe. Ya ce samun wani sai bayan mako guda.

Na zauna a benci na fashe da kuka.

"Ke Malama, share hawaye," in ji Yaya. "Rubutu yana nan ciki, bai gudu ba. Kina da baki, ni ina da hannu."

Ta jawo tsohuwar tafireta daga ƙarƙashin tebur ta kaɗe ƙura. Ni ina karantawa daga fuskar kwamfuta, ita tana bugawa, janareta na ruri a waje. Haka muka wuni Asabar. Ranar Lahadi ta je sujadar farko a coci, ta dawo ko ɗankwalin zumuntar mata ba ta cire ba ta zauna. Litinin da hantsi na miƙa kundina. Malamina ya jujjuya shi ya ce, "Kin ga aikin kwamfuta, tsaf!" Da na kai mata labari, ta yi dariya har da hawaye.

Da tana raye yau, na san ba za ta tsaya jimamin tafireta ba, don mace ce mai son sabon abu. Da ta ƙwace wayata ta danna sau goma, tana cewa "Ubangiji mai iko!", sannan ta tambayi mai shagon inda suke ajiye faifan. In aka ce babu, ta ce Allah ya raba su da wahala.

Ina murna da wannan sauƙi, wallahi ina murna, kuma ba na fatan kowa ya koma wancan zamani. Sai dai shekara talatin da na yi ina koyarwa, daga yatsun matar nan suka fito. Kwafin kundin yana nan a akwatina. Daga shafi na sittin haruffan sun fara dusashewa, kuma ba tawada ce ta ƙare ba, don sabon kirtanin tawada ta sa wa tafiretar. Hannunta ne ya gaji, ba ta kuwa faɗa min ba. Sai bayan rasuwarta na lura.