Koci Sahabi da Yaran Bakin Gulbi

Ina cikin jera turamen atamfa a shagona da safe wayata ta yi ƙara. Mu'azu ne, abokina tun muna yara. Da na ɗaga bai yi sallama ba, numfashinsa kawai nake ji. Can ya ce, "Nasiru, Koci ya cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a kan benci da turmin zane a hannuna. Kasuwa tana ta hayaniyarta, amma ni kamar an nutsa kaina cikin ruwa, muryoyin mutane suna zuwa mini daga nesa. Bayan azahar muka sallace shi a unguwar Gawon Nama, muka raka shi makwancinsa.

Sunansa Malam Sahabi, malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare a nan Sakkwato har ya yi ritaya. Mu dai Koci muke ce masa. Ɗan manoma ne daga wani ƙauye a gabashin gari, kuma a ƙuruciyarsa ya yi kokawa har makaɗa sun san sunansa. Wani kwas da aka tura shi kudu ne ya haɗa shi da wasan zari-ruga, irin wanda ake yi mutum goma sha uku kowane gefe. Ya dawo da ƙwallo guda ɗaya mai siffar ƙwai, wadda ba ta san hanya ba idan ta taɓa ƙasa. Yaran unguwa suka sa mata suna ƙwan jimina. Mutane suka yi ta dariya, wai wane irin wasa ne wannan da ake rungumar ƙwallo a gudu kamar an saci kaza. Shi ma yakan taya su dariyar, sannan ya ce su turo masa 'ya'yansu.

Ba a filin makaranta ya fara koya mana ba, don ƙasar wurin ta yi tauri. Bakin gulbi yake kai mu da rani, inda ruwa ya janye ya bar rairayi mai laushi. Har yau idan na tuna wurin sai in rasa ko da gaske haka yake ko mafarkinsa na yi. Rana tana gangarawa, rairayin ya yi ja kamar an zuba manja. Masu noman albasa suna ban ruwa can gefe, balbelu suna ratsa sama a jere, mu kuma muna faɗuwa muna tashi, kuma a tunanina yanzu faɗuwar a hankali take, ba ta da ƙara, ba ta da zafi. Shi kaɗai ne a tsaye cikin tsohuwar rigar wasa mai ruwan toka, usur a wuya, wanda da wuya ka ji ya busa.

Kafin a taɓa ƙwallo, sai mun jeru mun tsince filin, duwatsu da ƙaya da fasassun kwalabe. Shi ne a gaba, a sunkuye. Daga nan sai a ɗauko buhunan da ya cika da ɓuntun shinkafa, waɗanda yake ɗaurowa a bayan babur ɗinsa. A kansu muka koyi kamu, wato yadda ake tare mai gudu da ƙwallo a kai shi ƙasa. Wannan shi ne abin da ya fi ba muhimmanci a duk wasan. Gudu da jefa ƙwallo yakan bar mu mu koya da kanmu, amma kamu kam sai a gaban idonsa.

Yakan sa mu durƙusa mu fara yi a kan gwiwa, sannan a tsugune, sannan a tafe, kuma sai an daɗe kafin ya yarda a yi da gudu. Ka rage tsawon taku idan ka kusa, ka lanƙwasa gwiwa, bayanka a miƙe, haɓarka a sama. Kafaɗa ce ke fara isa, hannuwa su zagaye cinyoyi su kulle, ƙafafu su ci gaba da turawa. Kai kuwa kullum a gefe, ba a gaban gwiwar mai gudu ba. "Aza kuncinka ga kwiɓinai," in ji shi, "awa kana son ka ji mi yac ci da rana." Mukan fashe da dariya, amma babu wanda ya manta inda zai sa kansa.

Ni matsoraci ne a lokacin, siriri, kuma da zarar na ga mutum ya nufo ni sai in runtse ido. Bai taɓa yi mini tsawa ba. Wata rana ya sallami sauran su sha ruwa, ya tsaya a gabana, ya ɗaga yatsunsa a daidai cikinsa, ya ce in taho in kama shi amma in gaya masa yatsu nawa na gani. Na taho na kasa faɗa. Muka sake. Muka yi ta sakewa har na ce uku, ya ce, "To, ka ga kana da idanu ashe." Ya faɗi da baya a kan rairayi da ni a ƙirjinsa, yana dariya, ina jin dariyar tana girgiza haƙarƙarinsa.

Da mahaifiyata ta ga na dawo da ƙujewa a gwiwar hannu, ta ce na bar wasan ke nan. Sai ga Koci har gidanmu a Ƙofar Dundaye, ya tsaya a zaure ya gaishe ta ta bayan labule. Ta ce, "Malam, ɗana guda na, ba ni son a karya min shi." Ya ce, "Inna, ba ni ce miki ba shi hwaɗuwa. Hwaɗuwa kam kullum sai ya yi. Abin da ni ka iya ɗaukam miki alkawali, ba ni barin shi sa wuyanai inda za a taka, kuma ba ni barin shi taɓa wuyan ɗan wani." Sai ta aiko masa da fura. Wannan ce amincewarta.

Maganar da ya fi maimaitawa ita ce, "Wanda kak kayas ɗan wani na. Aje shi za ka yi, ba yada shi ba." Muna jin ta kamar waƙa, ba mu san nauyinta ba sai ranar da ta faɗa a kan Mu'azu.

Mu'azu shi ne gwaninmu. Ƙaƙƙarfa ne, mai faɗin ƙirji, kuma ba ya tsoron kowa. Amma yana da hali guda, idan wasa ya yi zafi yakan manta da darasi ya kai hannu sama. Wata shekara wata ƙungiya ta zo mana daga wani gari, tare da wani baƙo da aka ce yana neman yaran da za a kai babban sansanin horo. Duk mun san Mu'azu ne baƙon ya zo gani. Ana tsakiyar wasa, muna gaba, wani ɗan ƙaramin yaro daga cikin baƙin ya zaro ƙwallo ya taho. Mu'azu ya tare shi da dantse a maƙogwaro. Ƙafafun yaron suka tashi sama, ya faɗi da ƙeya. Alƙalin wasa bai gani ba, 'yan kallo kuma suka ɗauki sowa. Allah ya kiyaye, yaron ya tashi yana tari.

Sai muka ga Koci ya tako har bakin layi ya ɗaga hannu. "Mu'azu, hito." Mu'azu ya ce, "Koci, ai ba a busa ba!" Ya ce, "Ni na gani. Hito." Muka roƙe shi, har wani dattijo daga cikin iyaye ya sa baki, ya ce a bar yaron ya ƙarasa don gabansa ake dubawa. Koci bai ɗaga murya ba, bai kuma sauke hannunsa ba. Mu'azu ya fito, ya cire rigar ya jefar, ya bar filin. Aka cinye mu. Baƙon ya tafi bai ɗauki kowa ba. Bayan an tashi na ga Koci ya je wurin yaron nan ya durƙusa, yana taɓa wuyansa a hankali yana ba shi haƙuri, kamar shi ya yi masa.

Mu'azu ya yi shekaru ba ya gaishe shi. Ya koma koyon walda a unguwar Gidan Dare, daga baya ya buɗe nasa wurin. Mu da muka rage mun ga yadda abin ya ci Koci, don yakan juya ya kira sunan Mu'azu a atisaye, sai ya tuna ya yi shiru. Amma bai taɓa cewa ya yi nadama ba, kuma bai taɓa zagin yaron a bayan idonsa ba. Abin da yake yi kawai, idan ya taso masallacin Juma'a sai ya bi ta wurin waldar, ya tsaya da babur ya ce, "Sannu da aiki, Mu'azu." Wani lokaci a amsa masa a daƙile, wani lokaci a ƙara kunna injin. Ya wuce, wata Juma'ar ya dawo.

Tsufa ya zo, gwiwoyinsa suka fara ciwo. Mu mun girma mun watse cikin kasuwa da aure, wasu sababbin yara sun maye gurbinmu. Mu'azu ne ya ba ni labarin yadda suka shirya da bakinsa. Ya ce wata Juma'a Koci bai tsaya a kan babur ba, ya sauko ya zauna a kan wani guntun ƙarfe, ya ce, "Mu'azu, guwawuna sun ƙi. Ba ni iya duƙawa in gwada ma ɗiyan ga yadda a ka yi. Kai kah hi kowa iyawa cikin waɗanda nik koya ma. Ka zaka ka taimake ni." Mu'azu ya ce ya daɗe riƙe da ƙarfen walda bai iya ɗago kai ba. Da yamma ya je. Ya durƙusa a gaban yaran, haɓa a sama, kai a gefe, ya kama buhu ya ajiye shi a hankali. Koci yana zaune a kan kujerar roba yana kallo, ya ce wa yaran, "Kun gani? Haka a ka yi." Maganar wancan wasan kuwa ba su taɓa tayar da ita ba har Koci ya bar duniya.

Na je duba shi a asibiti a ciwonsa na ƙarshe. Ya rame, muryarsa ta yi ƙasa, hankalinsa yana zuwa yana komawa. Ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko ruwa ya janye, ko yara sun iso. Na ce sun iso. Ya lumshe ido yana murmushi, yana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka riga shi tafiya, kamar yana ganinmu a jere a gabansa. Matarsa, Inna Kulu, tana zaune a gefe tana yi masa fifita. Ta ce mini, "Haka shi ka yi kullum. Ɗiyanai na cikinai huɗu na, amma in ya hwara ƙirga ba ya ƙarewa."

Ya Allah, ga bawanka Sahabi ya zo gare ka. Mun shaida ya tsare amanar 'ya'yan mutane, ya mayar wa kowace uwa ɗanta da ƙafafunsa. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna Kulu da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin wannan rashi, ka zama gatansu a bayansa. Ka ƙarfafi Mu'azu a kan aikin da aka bar masa. Mu kuma, idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.